Tiyar da Likitan Gilasgo Ya Bar wa Masu Hawan Kabu-kabu

Yau za mu yi magana a kan wani mutum da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa likita bayan haɗarin moto, an yi amfani da aikin mutumin nan a gabansa ba tare da ya sani ba. Sunansa Bryan Jennett, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya. An haife shi a 1926, ya rasu a watan Janairu na 2008.

Malaman jami'a suna da hanyarsu ta auna girman mai bincike. Sukan ƙidaya sau nawa sauran masana suka ambaci rubutunsa a cikin nasu rubutun, kamar yadda ake gane babban dillali da yawan masu zuwa sari a wurinsa. Ta wannan fanni Jennett ba shi da haushi, don takardar da ya rubuta a 1974 tare da abokin aikinsa Graham Teasdale tana cikin waɗanda aka fi ambato a duk fagen tiyatar ƙwaƙwalwa. Amma mu a ganinmu wannan rabin awo ne. Sauran rabin shi ne a tambaya: shin ilimin nan ya fito daga cikin takarda? Ya iso gadon talaka? Ɗan kabu-kabun da ya faɗi a kan kwalta a Maradi ko Damagaram ya ci moriyarsa? Akwai masana da yawa da sunansu ya cika littattafai, amma aikinsu sai asibitin da ke da na'urar miliyoyi. Na Jennett kuwa ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar ko dala. Shi ya sa muka ga ya cancanci a kawo shi wannan fili.

Kafin 1974, idan aka kawo wanda ya bugu a kai, kowane likita da irin bakinsa. Wannan ya rubuta "ya suma", wancan ya ce "ya yi nisa", wani ya ce "yana magagi", wani kuma "sumarsa da sauƙi". Mai jinyar da ta kwana da mara lafiya ta miƙa aiki da safe, wadda ta karɓa ba ta da hanyar sanin ko mutumin ya fi jiya ko ya ƙara nitsewa. Likitan ƙaramin gari ya buga waya babban asibiti, can su kasa gane ko a kawo shi da gaggawa ko a dakata. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin wannan matsala. A ce babu tiya, babu mudu, kowace mai hatsi tana auna gero da tafin hannunta, ai kasuwa ba za ta ci ba, faɗa kawai za a wuni ana yi. To haka likitocin duniya suka daɗe a kan maganar suma, ga ilimi ga shaidar karatu, amma babu tiya.

Jennett ya daɗe yana ganin wannan ɓarna. Ya yi karatun likita a Libaful, ya yi aiki a asibitin soja na masu raunin kai kusa da Okisfod, ya koma Gilasgo a 1963, ya zama farfesa a 1968. Gilasgo a wancan zamani gari ne na ma'aikatan masana'antu, ga shan giya, ga faɗan titi, ga haɗarin mota, don haka fasassun kawuna ba sa yankewa a asibitinsa. Shi da Teasdale, wanda a lokacin matashin likita ne, suka zauna suka ce a bar dogon Turanci, a duba abu uku kawai da kowa zai iya gani da idonsa: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Suka buga wannan a mujallar likitoci mai suna Lancet a watan Yuli na 1974. Bayan ƴan shekaru aka daidaita lambobin da ake haɗawa, har ya zama yadda ake aiki da shi yau.

Ga yadda awon yake, kuma muna roƙon ku karanta wannan wuri a tsanake. Ido yana da maki 4. Wanda idonsa ke buɗe da kansa ya samu 4, wanda sai an kira shi 3, wanda sai an matsa masa farce ko kafaɗa ya ji zafi 2, wanda ba ya buɗewa ko kaɗan 1. Magana tana da maki 5. In ya san sunansa, ya san inda yake, ya san watan da ake ciki, ya samu 5. In yana magana amma a rikice, ka tambaye shi gari ya ce maka yana gona, 4 ke nan. In kalmomi ne kawai warwatse 3, in nishi ne da gurnani 2, in shiru 1. Motsi shi ne mai maki 6, kuma shi ne likitoci suka fi sa wa ido. Aka ce ɗaga hannu ya ɗaga, 6. Aka matsa masa ya kai hannu wurin da ake matsawa don ya ture, 5. Daga nan abin yana sauka: janye hannu, lanƙwashe shi ta hanyar da ba ta dace ba, miƙewa a sandare, har zuwa rashin motsi sam, wanda shi ne 1. In an haɗa duka, mai cikakken hankali yana da 15, mafi nisan suma yana da 3. Babu sifiri a ciki. An saba cewa daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, daga 9 zuwa 12 matsakaici, daga 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani, kuma a nan ne ake tsoron numfashinsa ya toshe.

Abin da ya burge mu a labarin nan shi ne, ba su tsaya ga manyan likitoci ba. Sun gwada awon da masu jinya da ƙananan likitoci, a ga ko mutum biyu da suka duba mara lafiya ɗaya za su fito da amsa ɗaya. Sun san cewa farfesa ba ya kwana a gefen gado, mai jinya ce ke kwana. Tiyar da sai sarkin kasuwa kaɗai ya iya auna da ita ai ba tiya ba ce. Kuma ku tuna a lokacin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda muke ce wa sikana, jaririya ce, don a 1971 aka fara ɗaukar hoton mara lafiya da ita a Landan. Yawancin asibitocin Turai ma ba su da ita. Wato an ƙirƙiro awon nan ne a cikin yanayi mai kama da na ƙananan asibitocinmu na yau, inda sikana ke da nisa, kuɗinta kuma ke da nauyi. Da aka yi bitar shekara 40 na awon a 2014, an samu ana aiki da shi a ƙasashe sama da 80. Ɗaliban likita da na jinya a nan ƙasarmu ma suna koyon sa. In kun taɓa ganin an rubuta Glasgow a takardar mara lafiya da lamba a gefe, to shi ne.

Wani zai ce, to mene ne amfanin awo in ba magani? Ai auna gero ba ya ƙara shi. Gaskiya ne, amma auna shi ne ke nuna maka ɓera na ci. Amfanin awon Gilasgo yana cikin maimaitawa. Mutum ya zo da 14 da la'asar, da magariba ya koma 12, da isha'i 10. Wannan saukar ita ce ƙararrawa. Tana nufin wani abu na danne ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, kuma lokaci na ƙurewa. A Ingila ƙa'idarsu ita ce a riƙa duba wanda bai kai 15 ba kowane rabin awa. Ga mai jinyar da ke Dakoro ko Tasawa ko Madawa, wannan lamba ce za ta gaya mata wane ne za a iya riƙewa a sa masa ido, wane ne kuma dole a sa a mota yanzu-yanzu a nufi babban asibiti, ko da dangi za su sayar da akuya. Kuma in ta buga waya ta ce "ya sauka daga 13 zuwa 9", likitan da ke can ya fahimta ba tare da dogon bayani ba.

Wannan ya kawo mu ga binciken Jennett da ya fi shafar mu, wanda da za mu iya da mun sa an karanta shi a kowace tashar kabu-kabu. A 1975 shi da abokan aikinsa suka buga wani nazari a kan mutanen da suka bugu a kai, suka yi magana bayan buguwar, daga baya kuma suka mutu. Sun duba gawa 66 na irin waɗannan mutane. Kashi 75 cikin 100 an tarar jini ya taru a cikin ƙoƙon kansu. A 1977 suka sake duba wasu 116, suka tarar a fiye da rabinsu akwai abin da za a iya kaucewa wanda ya taimaka wajen mutuwar, kuma babba a ciki shi ne jinkirin cire jinin da ya taru. Hujjar Jennett mai sauƙi ce. Mutumin da ya iya yin magana bayan faɗuwa, ƙwaƙwalwarsa ba ta lalace gaba ɗaya a lokacin buguwar ba. Abin da ya kashe shi ya zo ne daga baya, kuma abin da ya zo daga baya sau da yawa ana iya tare shi.

Ƙoƙon kai kamar tukunyar ƙarfe ce da aka rufe, ba ya buɗewa. In jijiya ta tsinke a ciki, jini yana tsiyaya a hankali, ba shi da mafita, sai ya riƙa matse ƙwaƙwalwa. A awannin farko mutum yana tsaye, yana karkaɗe riga, yana ma faɗa da wanda ya buge shi a kan kuɗin gyaran moto. Jama'a su ce an auna arziki, kowa ya watse. Ya je gida ya ce kansa na ciwo, a aika yaro wurin mai tallan magani, ya sha ya kwanta. A ce a bar shi ya huta. Da asuba a tashe shi salla ya ƙi tashi. Mu da ke aikin rediyo, da bakinmu muke karanta sanarwar rasuwa, kuma mun sha jin dangi suna cewa ai lafiya lau ya dawo gida, har tuwo ya ci. Rai na hannun Allah, babu mai musu. Amma likitocin Gilasgo sun nuna da ƙidaya cewa a cikin irin waɗannan akwai da yawa da tiyata a kan lokaci kan cece su.

Don haka in naku ya bugu a kai, ko ya tashi da ƙafarsa, kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko bai tuna abin da ya faru ba, a kai shi likita tun farko. In yana ta amai, in ciwon kan na ƙaruwa, in barci na rinjayarsa har tashinsa na wuya, in maganarsa ta rikice, in hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta yi sanyi, in baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, in ya yi farfaɗiya, in jini ko ruwa fari na fita ta hanci ko kunne, to ba a jiran gari ya waye. Kada a ba shi asfirin, don yana hana jini daskarewa. Kada a ba shi tramol, don yana kawo barci ya ɓoye alamar da ake nema, kuma yana iya tayar da farfaɗiya. Wanda ya suma a titi kuma, a daina ɗura masa ruwa a baki, a daina girgiza shi, a daina ɗaga shi a sa a tsakiyar mutum biyu a kan moto kai na lilo. Wuya kan karye tare da kai. A riƙe kai da wuya su daidaita da jiki, a kira ƴan pompiye a lamba 18 inda suke.

Akwai wani amfanin tiyar nan da ba a gani a ido, amma ya ceci rayuka masu yawa. Da likitoci suka samu awo ɗaya, sai ya yiwu a kwatanta marasa lafiyar ƙasa da ƙasa. Jennett da kansa ya haɗa bayanan marasa lafiya 700 daga Gilasgo da Holan da Amurka, ya buga a 1977. Daga nan ƙofa ta buɗe ta gwada magunguna da gaske. Shekara da shekaru likitoci suna yi wa masu raunin kai allurar wani magani mai rage kumburi, irin wanda ake kira kotikoyid, kowa na ganin yana taimako. Sai wasu masana a Landan ƙarƙashin Ian Roberts suka gwada shi a kan mutum 10,008 a ƙasashe da dama, suna zaɓen marasa lafiyar da awon Gilasgo. Sakamakon ya fito a 2004. A cikin mako biyu, kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun mutu, waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 18. Ashe maganin da ake yi wa kallon ceto ƙara mutuwa yake yi. Aka daina. A 2019 kuma masanan nan suka fitar da wani gwajin na mutum 12,737, wanda ya nuna cewa wani magani mai araha da ke tsayar da zubar jini, tiranesamik asid, yana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici in an ba da shi cikin awa 3 na farko. Awa 3, jama'a. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tsadar tsayawa cacar baki a bakin titi.

Yanzu bari mu zo ga ɓangaren da aka fi mantawa da shi, wanda kuma a ganinmu nan ne Jennett ya fi nuna shi mutum ne mai tunani. A zamaninsa likitan tiyata yakan ƙidaya abu biyu ne: ya mutu ko ya rayu. In mara lafiya ya fita asibiti da numfashi, an ci nasara, sai a rufe takarda. Jennett ya ce wannan lissafi na ƙarya ne. A 1975 shi da wani likitan tabin hankali mai suna Michael Bond suka fito da awo na biyu, na yadda mutum ya kasance bayan ya tsira. Suka raba shi gida 5: wanda ya mutu, wanda yana numfashi ido a buɗe amma bai san kansa ba, wanda ya nakasa har sai an kula da shi kullum, wanda ya nakasa amma yana iya riƙe kansa, da wanda ya warke ya koma harkokinsa. Tun a 1972 ma shi da wani likitan Amurka, Fred Plum, su ne suka raɗa wa wancan hali na biyu sunan da likitoci suka daɗe suna kiransa da shi. Da wannan awo aka tilasta wa asibiti ya tambayi kansa: mutumin da muka sallama, bayan wata 6, ina yake?

Amsar da binciken Gilasgo ya bayar ta girgiza mutane. Abin da ya fi wahalar da iyali ba ɗingishi ba ne ko shanyewar hannu. Canjin hali ne. Mutum ya dawo gida jikinsa garau, ko tabo ba a gani, amma ya zama mai saurin fushi, mai mantuwa, ba ya jure hayaniyar yara, ya fara aiki ya bari a tsakiya, ya faɗi maganar da da can kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. A 2000 Teasdale da abokansa suka bi sawun mutanen da aka kwantar a asibitocin Gilasgo, suka duba su bayan shekara guda. A cikin waɗanda aka ce rauninsu mai sauƙi ne, kashi 47 cikin 100 suna fama da nakasa. A cikin nakasassun kuma kashi 28 cikin 100 ne kawai suka samu taimakon farfaɗowa. Wannan fa a Birtaniya ne, inda asibiti kyauta ne. Sai ku kwatanta da namu.

Ku ɗauki mace mai sayar da kayan miya ko atamfa, wadda duk littafinta a ka yake. Ta san wa ke binta, ta san wa take bi, ta san farashin jiya da na shekaranjiya. Ta faɗo daga kabu-kabu, ta kwana biyu a likita, aka ce ta warke. Ta koma rumfa, sai canji ya riƙa rikice mata, ta manta wanda ya karɓi bashi, ta yi wa tsohuwar mai sayenta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kafin wata uku jari ya karye. A kasuwa a ce ta yi girman kai, a gida miji ya ce ta canza, dangi su ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo da ita ana kashe ɗan abin da ya rage. Wata ma har aurenta ya mutu. Alhali gaban ƙwaƙwalwa ne ya bugu, wurin da ke riƙe haƙuri da tsara aiki da kame baki. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma muna yi. Amma a san cewa ciwo ne mai suna, likitoci sun san shi, kuma zagi da gori ba sa warkar da shi.

Abin da ke taimako yawancinsa a gida yake, kuma ba shi da tsada. A bar mutum ya samu barci isasshe, a rage masa hayaniya, a ba shi aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Mai kasuwa ta fara da rabin wuni, a haɗa ta da ƴa ko ƙanwa mai riƙe kuɗi da rubuta bashi a takarda. Wanda gaɓarsa ta yi rauni a nemi masu gashi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine, su koya wa dangi yadda ake motsa hannu da ƙafa kullum don kada su sandare. Wanda ke kwance a riƙa juya shi a kai a kai saboda gyambon kwanciya. In farfaɗiya ta biyo baya, ko da bayan watanni ne, a koma likita, don tun a 1962 Jennett ya rubuta littafi guda a kan farfaɗiyar da ke bin buguwar kai, kuma tana da maganin da ke riƙe ta. Masu binciken Gilasgo sun lura cewa mafi yawan warkewa a wata 6 na farko take faruwa, ko da yake wasu kan ci gaba da samun sauƙi shekaru bayan haka. Watannin nan 6 su ne damina. Wanda aka yi wa sakaci a cikinsu ya yi asara babba.

Kada a ce mun mai da tiyar nan abin tsafi. Tana da iyaka, kuma masu ita sun faɗa da kansu. Wanda ya bugu da giya ko ƙwaya lambarsa kan sauka ba don raunin ba. Wanda idonsa ya kumbura, ko aka sa masa bututun numfashi, ba a iya auna shi duka. Jariri ba ya magana, sai an yi masa nasa awon. Teasdale ya sha gargaɗi cewa a riƙa faɗin maki ukun ɗaya bayan ɗaya, don mutum biyu na iya samun 8 alhali halinsu ya bambanta. A 2018 aka ƙara duba baƙin ido a cikin lissafin. A 2025 kuma wasu masana suka ba da shawarar a daina tsayawa ga kalmomin nan uku na sauƙi da matsakaici da tsanani, a haɗa da gwajin jini da hoto. Mun yarda da su ƙwarai a kan kalmar "sauƙi", don ita ce ke sa a sallami mutum a manta da shi. Kuma lamba ƙasa ba hukuncin mutuwa ba ce. Akwai masu 5 da 6 da suka tashi suka koma sana'arsu.

Duk wannan magana kuwa bayan kai ya riga ya bugu ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hular kwano, kaske ke nan, tana rage hatsarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Mun san dalilan da ake bayarwa. Akwai zafi, tana ɓata ɗaurin kallabi, kuma wa zai sa hular da gumin wani ya jiƙa? Dalilin ƙarshen nan muna ganinsa, shi ya sa muke cewa mace mai hawan kabu-kabu safe da yamma ta mallaki tata, ta rataye a rumfa kamar yadda take aje buta. Kwasar adashi guda ta isa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke iya haɗa kuɗin biki da anko za su iya sarin kaske da yawa a farashi mai sauƙi su raba wa ƴaƴansu su biya a hankali. Kuma ku ne masu kuɗin haya. Yaron da idonsa ya yi ja, yana tsere da iska, ku sauka ku ba wani. In mata ɗari na kasuwa guda suka yi haka, tashar za ta gyara kanta tun kafin ɗan sanda ya zo.

Ga ma'aikatan lafiyarmu kuma muna da roƙo. Mun san yawan aiki da ƙarancin hannu. Amma awon nan minti biyu ne. A auna, a rubuta da lokacin, a sake aunawa, a sa a takardar da za a tura mara lafiya da ita gaba. A kuma gaya wa dangi da Hausa abin da za su sa wa ido, don su ne ke zaune a gefen gado dare da rana. Ranar sallama a faɗa musu cewa hali na iya canzawa, a ba su ranar dawowa. Dangi su ma suna da haƙƙin tambaya cikin ladabi: malama, lambarsa nawa yanzu, ɗazu nawa ce?

In kuma ku ne kuka raka shi, akwai abu uku da likita zai so ji daga bakinku, waɗanda babu na'urar da za ta gaya masa: ƙarfe nawa ya faɗi, ya yi magana bayan faɗuwar ko bai yi ba, kuma in ya yi, ƙarfe nawa ya daina. Ku duba agogon salula tun a bakin titi, ku sa yaro ya rubuta ko a bayan takardar magani ne.